AIKIN GAYYA A TSOHUWAR KASUWA: SADAKA CE KO BASHI?

Gabatarwa

A hutun da ya wuce, ana saura 'yan makonni damina ta faɗi, samarin unguwarmu ta Kwarbai a cikin birnin Zariya suka yi shawarar a fito a yashe magudanan ruwa, tun daga lungunan unguwa har zuwa layin rumfunan da ke kan hanyar kasuwa. Dalili kuwa shi ne, kowace shekara ruwan farko yakan tarar da lambatu cike da leda da yashi, sai ya rasa hanya ya bi ta cikin rumfuna, ya jiƙa kayan mutane, ya kuma kwanta a gindin katangu yana cin su. Aka sa ranar Asabar uku a jere. Da yake ina gida, ni ma na saɓi shebur na bi sahu.

Asabar ta farko abin sai wanda ya gani. Yara da manya an fito, wasu da cebur, wasu da baro, wasu da kwando, har wani ɗan siyasa ya zo ya riƙe tsintsiya aka ɗauke shi hoto ya shiga mota ya tafi. Asabar ta biyu ba mu kai rabi ba. Ta uku kuwa, ana iya ƙirga mu da yatsun hannu.

A wannan rana ta ƙarshe ne muka zauna hutawa a bakin rumfar wani dattijo mai ɗinkin manyan riguna. Ya sa aka ɗebo mana ruwa a randa, ya yi ta sa mana albarka. Can sai ya dube ni ya ce, "Samari, ba kai ne kake karatu a Samaru ba?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya kama gefen rigata ya murza da yatsa, ya ce, "Wannan fa, a ina aka ɗinka ta?" Na sunkuyar da kai, domin a Sabon Gari na saye ta ɗinkakkiya, aikin inji ce daga ƙasar Sin. Ya yi murmushi ya ce, "To, kun share mini ƙofa, Allah ya yi muku albarka. Saura wanda zai shigo ta ƙofar."

A kan hanyarmu ta komawa gida kuma, wani abokina mai karatun tattalin arziki ya ƙara mini da tasa. Ya ce shi daga yau ya daina, domin abin da muke yi kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mu ne da shiga kwata, masu rumfuna ne da ciniki, masu karɓar haraji kuma suna gida suna barci.

Maganganun nan biyu su ne suka hana ni sakat har na ɗauki alƙalami. Tambayar da nake so mu duba tare, ya kai mai karatu, ita ce: shin akwai wani haƙƙi a kan matashi ya ba da ƙarfinsa kyauta domin raya kasuwar da ba shi da ko rumfa ɗaya a cikinta? In akwai, wane irin haƙƙi ne, kuma me ya hau kan waɗanda aka yi wa aikin?

Mece Ce Gayya?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu koma ga asalin kalmar, domin yau kowane taron shara sai a kira shi gayya. A ƙasar Hausa gayya a gona ta fi shahara. Manomin da ciyawa ta fi ƙarfinsa, ko ciwo ya kwantar da shi, ko saurayin da ke son ya burge surukinsa, yakan kai goro wurin sarkin noma ko shugaban samari, a sa rana. Ran nan majiya ƙarfi su hallara da fartanya ko garma, makaɗa su zo da gangar noma, kowa ya kama tasa kunyar, ana kiɗa ana kirari ana tsere. Mai gona kuwa shi ne da fura da tuwo da goro. Aikin da zai ci wa mutum guda mako biyu sai a gama shi kafin la'asar.

In muka lura da kyau, za mu ga abubuwa uku da suka riƙe wannan al'ada. Na farko, akwai mai gayya sananne, wanda ya yi kira kuma ya ɗauki nauyin ciyarwa. Na biyu, akwai ido, watau kowa ya san wanda ya zo da wanda ya maƙale a gida. Na uku, wanda shi ne ginshiƙi, gayya tana zagayowa. Wanda ya yi noma a gonarka bana, gobe kai za ka yi a tasa, wanda kuwa ya saba ƙin zuwa ta mutane, ranar tasa sai ya ci tuwonsa shi kaɗai. Haka abin yake a biki tsakanin mata, inda gudummawar da aka kawo ranar suna ko aure ake riƙe ta a ka, a mayar idan lokaci ya yi. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wata dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, zai ga yadda wannan ramuwar alheri ta ɗinke zaman mutane. Haka kuma adashi yake. Saboda haka, a wurin kakanninmu gayya rance ce ta ƙarfi, wadda ba a rubutawa amma ba a mantawa.

Akwai kuma wani aikin taro da ya yi kama da gayya, har wani lokaci a ara masa sunanta, alhali kuwa tilas ne. Mukan yi alfahari da ganuwar Zariya da ƙofofinta, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona, mu ce dubi abin da haɗin kai ya gina. Gaskiya ne hannu da yawa ya gina ta, to amma kada mu manta cewa gini da gyaran ganuwa umurnin sarki ne a kan talakawa da bayi, kuma Zazzau ta dā ƙasa ce da dukiyarta ta dogara ƙwarai a kan bayi. A zamanin Turawa ma, tsakanin 1942 da 1944, an yi abin da mutanenmu suka kira ɗiban gwamna, inda aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos ba da son ransu ba. A 1984 da 1985 kuma mulkin soja ya zo da yaƙi da rashin ɗa'a, aka riƙa fito da mutane shara da tsoron bulala da tara. Duk waɗannan sun tara jama'a, sun kuma yi aiki, sai dai da tsoro ya kau aikin yakan tsaya, domin babu wanda yake jin ana bin sa bashi. Wannan bambanci shi ne mabuɗin maganarmu.

Yadda Kasuwar Birni Ta Yi Sanyi

Unguwarmu tana cikin ganuwa, tafiyar ƙafa ce daga gare ta zuwa fada da Masallacin Juma'a da kasuwa. Waɗannan wurare uku su ne zuciyar kowane tsohon birnin Hausa. A dā sana'o'in birni sarƙe suke da juna kamar zaren saƙa. Manomi ya kawo auduga, mata su yi kaɗi, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buga har ta yi ƙyalli, maɗinki ya zauna watanni yana fitar da aska biyu ko aska takwas a ƙirjin riga, dillali ya kai ta hannun mai saye. Riga guda takan ciyar da gidaje shida ko bakwai. Ga dukawa da maƙera da mahauta da 'yan koli, kowace sana'a da sarkinta da unguwarta.

Abin da ya fara karkatar da ciniki daga birni shi ne jirgin ƙasa. Turawa sun shigo Zariya a 1902, kuma kafin 1912 hanyar jirgi ta ratsa ta nan ta kai Kano. Tashar kuwa a wajen ganuwa aka yi ta. Kamfanonin Turawa suka kafa kantunansu kusa da ita, har yau ma akwai wurin da muke kira PZ da sunan ɗaya daga cikinsu. Sabon Gari ya tashi da baƙi daga Kudu, Tudun Wada ya tashi da baƙi 'yan Arewa. Auduga da gyaɗa suka riƙa bin hanyar tasha, atamfa da akoko suka riƙa shigowa ta can. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, masu albashi suka ƙaru a Samaru da Kongo, kuma kuɗinsu a kasuwannin waje yake ƙarewa.

Masaƙun zamani na Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, sun rage wa masaƙin hannu kasuwa, amma aƙalla audugarmu suke saya, 'ya'yanmu suke ɗauka aiki. Su ma daga baya suka durƙushe: wancan na farkon ya rufe a 2002, babban cikinsu kuma ya tsaya a 2007. Yadi mai araha daga ƙasashen waje ya cika ko'ina, inji ya koyi kwaikwayon ɗinkin hannu. Yau rijiyoyin rini da yawa sun cike da shara, ƙarar bugu ta ragu, saurayi kuwa ya gwammace ya hau babur ya sami na cefane yau da ya zauna gaban maigida shekara biyar yana koyon riƙon allura.

Na kawo wannan tarihi ne don mu gane cewa ba ƙazanta ce ta kori masu saye ba. Kuɗi ne ya sauya hanya, ƙazanta ta biyo baya, domin rumfar da ba ta kawo riba mai ita ba ya damuwa da yoyonta. Wannan shi ne abin da dattijon nan ya faɗa mini a cikin kalmomi kaɗan.

Hujjojin Masu Suka

Masu ganin aikin gayya irin namu ɓata lokaci ne suna da hujjoji uku, kuma adalci ne a kawo su da ƙarfinsu.

Hujja ta farko ita ce ta abokina, watau cin gumin samari. A gona, wanda ka taimaka wa manomi ne irinka, gobe zai rama. A kasuwa kuwa, wanda ya shiga kwata yawanci ba shi da aikin yi, wanda zai amfana kuma mai jari ne. Wasu rumfunan ma masu su ba sa zaune a birni, haya suke karɓa. In wuri ya gyaru ciniki ya dawo, abu na farko da zai faru shi ne a ƙara kuɗin haya, sai ƙaramin ɗan kasuwar da aka ce don shi ake yi ya tattara ya fita. An yi gyaran gangar auzinawa ke nan.

Hujja ta biyu ita ce sauke wa hukuma nauyi. Duk mai rumfa yana biyan kuɗin rumfa, mai tebur yana yankar tikiti. An karɓi wannan kuɗi ne domin shara da magudanai da tsaro. In jama'a suka saba yin aikin da kansu, to sun biya sau biyu, sun kuma koya wa mai karɓa cewa ba sai ya yi komai ba.

Hujja ta uku ta fi zafi. Masu ita suna cewa abin da zamani ya wuce a bar shi ya tafi. Kasuwa ba ta san tarihi ba, inda mota ke shiga da inda kaya ke da araha nan take zuwa. Masu son raya tsohuwar kasuwa, in ji su, 'yan boko ne da ke kwana a ɗakin siminti suna sha'awar ginin ƙasa, suna so wasu su dawwama cikin wahala don su riƙa zuwa kallo da ɗaukar hoto.

Auna Hujjojin

Bari in fara da ta ƙarshe. Akwai gaskiya a cikinta wadda ta shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban Hausa. Ba mu da ikon cewa mai gidan ƙasa kada ya sa kwano, ko marini ya hana ɗansa zuwa makaranta don kada rini ya ɓace. Mutum ya fi katanga daraja. Amma kuskuren masu wannan hujja shi ne zaton da suke yi kasuwar birni ta mutu. Tana nan da ranta, kuma waɗanda suka dogara da ita su ne mafi rauni a cikinmu: tsohon da ba shi da kuɗin mota zuwa Sabon Gari, matar da ke cikin gida tana ɗinkin hula ko ƙuli-ƙuli tana aikawa a sayar mata, almajirin da ke dako. Ga kuma wani abu da lissafin riba ba ya gani. Ilmin sana'a a hannu yake zaune. Yadda ake haɗa ruwan baba da toka, ko yadda magini ke jera azara ya tayar da bakan gizo, daga maigida zuwa yaro yake tafiya. In sarƙar ta tsinke a tsara guda, to shi ke nan, ko an kawo kuɗi daga baya babu wanda za a ba. Rumfar da ta rushe ana sake gina ta, amma gwanin da ya mutu bai koyar ba ya tafi da abinsa kabari.

Hujja ta biyu kuwa, amsarta tana wurin malaman fiƙihu, waɗanda suka raba wajibi gida biyu: wanda ya hau kan kowane mutum shi kaɗai, da wanda ya hau kan jama'a, in wasu suka yi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Kau da cuta daga hanyar mutane yana kama da wannan na biyun. Ruwan sama ba ya jiran a zauna taron kasafin kuɗi, kuma katangar da za ta faɗi a kan yara ba ta tambayar wa ya karɓi haraji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai yin aikin bai yafe wa hukuma komai ba. Hasali ma, wanda ya yashe kwata da hannunsa ya fi kowa bakin tambayar inda kuɗin shara ya shiga. Gayyar da ta ƙare a kan tsintsiya, ba ta kai ga zuwa ofis da takarda a hannu ba, rabin aiki ta yi.

Hujja ta farko ita ce na kasa turewa, kuma ina ganin abokina ya yi gaskiya. Abin da muka yi a Asabar ukun nan ya rasa dukkan sharuɗɗan gayya. Babu mai gayya, domin masu rumfuna ba su kira mu ba, wasu ma suna zaune suna kallonmu, wani har yana cewa mu yi a hankali kada mu fantsama masa. Babu ido, domin wanda ya zo da wanda bai zo ba duk ɗaya. Babu zagayowa, domin ba wanda ya san abin da saurayin da ya shiga kwata zai samu ranar da tasa buƙatar ta taso. Shi ya sa taron ya watse. Ana cewa samarin yanzu ba su da juriya, ni kuwa ina ganin sun lura ne cewa rancen nan babu mai biya. Sadaka abu ne mai kyau, amma ba a gina kasuwa a kanta, domin mai bayarwa yakan gaji, musamman in shi ne matalaucin.

Maganin wannan kuwa a mayar wa gayya sharuɗɗanta. 'Yan kasuwa da shugabanninsu su zama masu gayya, su yi kira da bakinsu, su kawo kayan aiki da abinci. A zauna gaban mai unguwa a yi magana a fili: masu rumfunan haya su yi alkawarin ba za su ƙara kuɗi ba har wani lokaci, masu sana'a kuma kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu daga cikin masu aikin ya koya musu. In aka yi haka, saurayin da ke gyara kasuwa ya san wurin zamansa na gobe yake gyarawa.

Darasi Daga Masallatai Biyu

Ko da yake maganarmu ta kasuwa ce, akwai abin koyo a masallatai biyu na ƙasa. Na farko namu ne na Juma'a, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masana gine-gine na duniya sun daɗe suna yaba shi. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe nasa ya rufta, aƙalla mutum 7 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana guda kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi abin ya faru. Bayan haka jama'a da masu hali suka tashi haiƙan domin sake gini.

Na biyu shi ne babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu aka kammala shi a 1907. Mutanen garin sun mai da yaɓensa bikin shekara-shekara. Ana kwaɓa ƙasa tun da kwanaki, mata su ɗebo ruwa, samari su yi tsere da kwandunan laka, magina su hau itatuwan da aka bari a jikin bango suna shafewa, unguwa da unguwa suna gasa. A filin da ke gabansa kuma kasuwar garin take ci duk ranar Litinin.

Ban kawo wannan don in ɗora wa kowa laifi ba, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Abin lura shi ne, mu mun iya tashi bayan masifa, amma ba mu da ranar da muka sa don duba abinmu kafin ta zo. Ginin ƙasa, da kasuwa, da zumunci, duk halinsu ɗaya, kullum suna son hannu. A Jenne aikin yana da rana sananniya, kowa yana da rabonsa, kuma magina suna samun abin yi da yaran koyarwa. Wannan ita ce gayya mai zagayowa. Sa'an nan akwai iyakar da ya kamata a sani: yaɓe da shara na jama'a ne, amma tsagar da ta kai ga tushe ta gwanaye ce da masu kuɗi da hukuma.

Namu Bashin

Yanzu sai in juyo kanmu, 'yan'uwana ɗalibai, da malamanmu in sun yi mini izini. A cikin masu cin amfanin tsohon birni ba tare da biya ba, har da mu. Kowace shekara mukan shiga lunguna da littafi da na'urar ɗaukar magana, mu zauna gaban marini ko maƙeri ko maɗinki, ya ba mu sunayen kayan aikinsa da kirarinsa da tarihin gidansu. Mu rubuta kundi, a ba mu digiri, wasu har su zama manyan malamai da shi. Shi kuwa ko kwafi guda ba ya gani, kuma ranar da za mu yi ɗinkin salla ba ma tunawa da hanyar rumfarsa. Mun ci tuwon gayya ba mu kama kunya ba. In ana neman 'yan gayyar soɗi, kada a yi nisa.

Biyan wannan bashi ba ya buƙatar abu mai yawa. Akwai misali a cikin birnin nan namu: ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu da ke ɗauke da sunan Sarauniya Amina, wadda ta fara a 1994. Abin da ya taimake su shi ne an haɗa gwanintarsu da masu saye, har a ƙasashen waje, suka riƙa yin ɗinkin riga a kan kayan da mutanen yanzu ke buƙata. Ɗalibin da ya iya rubutu da lissafi da waya zai iya yi wa dattijon unguwarsu irin wannan, ya ɗauki hoton aikinsa ya nuna wa duniya, ya rubuta masa takarda in ana buƙata. Ƙungiyarmu kuma tana iya yanke shawarar cewa duk ranar 26 ga Agusta, da ake bikin Ranar Hausa tun 2015, hula da riga da takalmin da za mu sa a wurin masu sana'ar birni za mu saye su. Ba ƙaramin abin kunya ba ne a yi bikin al'ada da kayan da inji ya kwaikwaya.

Kammalawa

Amsar tambayar da muka fara da ita, a iyakar fahimtata, ita ce akwai haƙƙi a kan matashi game da tsohuwar kasuwa, domin da cinikinta aka yi cefanen da ya girma da shi, ko shi ko ubansa. Wannan haƙƙi bashi ne, kuma bashin yana da fuska biyu. Saurayi ya kawo ƙarfinsa, mai rumfa ya buɗe masa ƙofar sana'a, hukuma ta yi aikin da ta karɓi kuɗinsa, mu kuma masu ɗan abin saye mu kai kuɗinmu can. Duk wanda ya janye nasa hannun, jinkar a kan saura za ta faɗo.

Kafin in dawo makaranta na koma wurin dattijon nan. Kuɗin babbar riga ya fi ƙarfin ɗalibi, saboda haka yadin kaftani na kai masa ya yi mini aikin wuya. Ya karɓa ya duba, ya ce in dawo bayan mako uku, domin idonsa ba kamar dā ba, kuma yaron da ke taya shi ya koma aikin babur. Ina fita na ga leda ta fara taruwa a lambatun da muka yashe.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Ina fata waɗanda suka fi ni sani za su gyara inda na karkace. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon biyan abin da ake bin mu, amin.